Ranar da Titi Monse Ta Ƙi Sare Ayaba

Tun da abin nan ya faru nake jin ana cewa kwaɗayi ne ya kusa kashe Titi Monse. Masu faɗin haka duk ƙarƙashin rufin kankare suke kwana, shi ya sa bakinsu ke da kaifi. Ni na san matar. Ƙanwar mahaifiyata ce, a bayanta na yi wayo, kuma ina wurin ranar. Zan faɗi yadda aka yi, mai jin haushi ya ji.

Monserrate sunanta, Titi kuwa haka muke kiran inna a nan, shekararta saba'in da ɗaya. A tudun da ke bayan garin Yabucoa aka haife ta, nan ta yi aure, nan ta binne mijinta. Shekara talatin tana dafa wa 'yan firamare shinkafa da wake, har yau akwai ƙattin maza masu furfura da ke sunkuyar da kai in ta harare su. Gidanta na katako ne, rufin kwano, kuma tun guguwar Mariya rabin rufin shuɗin tamfol ne. An zo daga gwamnati an auna, an ɗauki hoto, an ba ta takardu ta cike har sau uku. Tamfol ɗin dai shi ne. In ya yage mu sayo wani.

Abin da aka fi saninta da shi a tudun kuwa adda ce. Kowane Agusta da Satumba rediyo na tayar mana da hankali, a ce guguwa ga ta nan, mu kwashe kaya mu toshe tagogi, ita kuma ta kauce ta yi arewa. Mutane suka gaji, suka bar rediyo suka koma kallon gonar Titi. Ita ba ta sare ayaba don jita-jita. Tana duba tururuwa, tana sauraron rurin teku daga kwari, da wasu alamun da ba ta taɓa gaya mini ba. In ta tabbata, sai ta wasa adda ta bi ayaba da agada ɗaya bayan ɗaya tana sare su daidai ƙirji. Ayaba mai ganye iska ke kamawa ta tumɓuke ta har saiwa. Wadda aka sare gindinta na nan a ƙasa, nan da 'yan makonni ya fito da 'ya'ya. Gonar tana bakin hanya, kowa na gani. Duk ranar da aka ga ayabar Monse a ƙasa ba mai sake tambaya, sai a kafa marufan taga, a kwashi tsofaffi a sauka gari kafin rafi ya haye gada. Sau uku na ga ta yi haka a rayuwata, sau ukun guguwa ta zo.

A bayan kicin ɗinta akwai wata ayaba da mijinta ya samo a gonar da yake ƙwadago. Ganyenta fari da kore ne, zane-zane, kamar an tsoma tsintsiya a fenti an ja. Ba ta da wani daɗin ci. Kuma ba ta son yaɗuwa: yawancin 'ya'yan da ke fitowa a gindinta kore ne zalla irin na kowa, wasu fari fat, su kuma ba sa rayuwa in an raba su da uwar. Sai an yi sa'a a samu mai zane guda. Shekara ashirin haka ake yi, uwa ta faɗi 'ya ta gaje ta, ba wanda ya taɓa ce mata kanzil.

Sai Yaritza, 'yar Titi da ke aiki a birnin Orlando, can ƙetaren teku, ta zo hutu ta ɗauki hotonta ta sa a waya. Kafin ta koma ta gano cewa akwai mutanen da ke haukacewa kan irin wannan ayaba, har gwanjonta ake yi a intanet. Ta lallaɓa uwarta aka sa ta a gwanjo na kwana goma. Sharaɗin shi ne a same ta a tsaye da ganyenta goma sha ɗaya kamar yadda take a hoto, wanda ya ci ya turo mota a haƙe ta. An fara da dala ɗari biyu. Cikin mako guda ta haura dubu uku, kuma tana ta hawa. Kafinta ya riga ya gaya wa Titi cewa da dubu huɗu zai cire tamfol ya ɗaure mata rufi na gaske.

Masu tayin kuwa mafi yawansu attajiran nan ne da suka zo suka saye bakin teku a arewa. Matar da ta ciyar da rabin garin nan ta yi shekaru ruwa na ɗiga mata a gado ba wanda ya leƙo, amma ganye ya samu masu faɗa a kansa. Labari ya zaga tudu. Wata Lahadi tana coci wani marar kunya ya shigo ya haƙe ɗa guda mai zane da ke gindin. Daga ranar ta daina fita ko nan da can.

Gwanjo zai rufe ranar Laraba da tsakar rana. Rediyo ya ce guguwa za ta iso Talata da yamma.

Litinin da safe muka hau da mijina Heriberto a akori-kurarsa don mu ɗauko ta. Tun daga hanya na ga ba lafiya. Ayaba da agada duk suna tsaye, sannan tagogin gidan a buɗe ba komai a kansu. Muka zagaya baya muka tarar ta kwance marufan ƙarfen nan shida da ake ɗaure wa tagogi, ta kafa su kewaye da ayabar mai zane, ta ɗaure da waya da igiyar shanya. Ita kaɗai ta yi wannan aikin.

Na ce, "Titi, ina marufan tagarki?"

"Idonki ya mutu ne? Ga su can suna aiki."

Na tambaye ta ita kuma a ina za ta fake. Ta ce a banɗaki, shi ne ɗakin bulo, in iska ta lafa ta fito ta ƙara ɗaure igiya. Sauran ayabar ta bar su ne don su tare wa waccan iska. Na gaya mata a fuskarta cewa wannan hauka ne, kuma ba zan binne ta saboda ganye ba. Ta ce ba wanda ya roƙe ni in binne ta, ta riga ta biya kuɗin kabarinta.

"Ke yarinya," in ji ta, ni da nake da shekara hamsin da biyu, "shekara bakwai ina kwana da bokiti a kan gado. Kwana biyu ya rage."

Na ce to ta gaya mini gaskiya, guguwar za ta zo ko ba za ta zo ba. Sai ta wuce kicin ta shiga haɗa kofi. A bangon kicin tururuwa sun yi layi suna hawa da ƙwayayensu. A bayan ƙofa na ga addarta a jingine, bakinta na ƙyalli, sabon wasawa. Wato ta sani sarai.

Na kira Yaritza. Kuka take yi, tana cewa da ta sani da ba ta ɗauki hoton ba. Ta karanto mini saƙonnin masu tayi. Wani ya ce a naɗe kowane ganye da zane mai laushi. Wata ta ce a turo sabon hoto Laraba da safe kafin ta ƙara kuɗi. Na ce a cikinsu akwai wanda ya tambayi lafiyar tsohuwar? Na miƙa wa Titi wayar, ta saurari 'yarta na ɗan lokaci, ta ce mata ta ci abinci, ta kashe. Heriberto ya raɗa mini cewa mu ɗauke ta cak mu sa a mota. Na ce ya gwada in yana son ya koma gida da hannu ɗaya. Muka sauko babu ita.

Talata da sassafe muka koma. An fara yayyafi, iska na zuwa tana tsayawa. Rafi ya yi ja, bai fi kamu biyu tsakaninsa da gada ba. Da sauri muka haye, don na san in ya rufe gadar ba sauka sai bayan kwanaki.

Kafin mu kai gidan Titi na hangi Doña Provi, maƙwabciyarta, zaune a baranda tana ɓarar wake, tagoginta a buɗe, rediyo na kiɗa. Mijinta Don Fermín shekara biyu ke nan yana kwance, da injin numfashi yake rayuwa, injin kuma da wutar lantarki. Na sauko na tambaye ta me take jira. Ta kalle ni kamar ni ce marar hankali, ta nuna gonar da haɓa.

"Monse ba ta sare ba."

Na ɗaga kai na dubi gidajen sama. Biyar ne, ba ko ɗaya da aka rufe. A ɗaya ma shanya ce a igiya. Duk wannan masifar da nake yi kan tsohuwa guda, ban taɓa tunanin cewa tudun gaba ɗaya yana zaune yana kallon ayabarta ba. Ita ma na tabbata ba ta yi tunanin ba, idonta ya tafi kan rufi.

Ban yi gardama da Doña Provi ba. Na ce ta zo ta tambayi Titi da bakinta. Ta ɗauki lema tana mita cewa na raba ta da wakenta. Muka tarar da Titi a bayan kicin tana jan igiya, ta jiƙe sharkaf. Su biyun Comay suke kiran juna tun ranar da Titi ta riƙe ɗan Provi a wurin baftisma.

"Comay, 'yar nan taki na son ta ɗaga mana hawan jini," in ji Doña Provi. "Na ce mata ayabarki na tsaye. Guguwar wucewa za ta yi, ko?"

Titi ta tsaya da igiyar a hannu. Iska ta bugi marufan ƙarfen suka yi ƙara.

"Fermín yana ina?"

"Yana gado mana. Ina zai je, rawa?"

Titi ta saki igiyar. Ta shiga ta ɗauko adda. Ba daga baya ta fara ba, bakin hanya ta nufa, inda gidajen sama za su gani. Sara ɗaya, ayabar farko ta kwanta. Doña Provi ta yar da lemar a nan ta ruga gida, mace mai ciwon gwiwa. Kafin Titi ta kai ta biyar na fara jin guduma a sama, da muryoyi ana kiran sunaye.

Da ta gama da na gaba ta zagayo baya. Na ce ta bar wannan a cikin marufan mu tafi, ƙila ta tsira. Ta ce in ba mai ɗaure igiya ko awa guda ba za su yi ba, kuma in iska ta kama ta da ganye, da saiwa za ta tafi, ba abin da zai rage. Heriberto ya miƙa hannu zai karɓi addar don ya rage mata. Ta ce masa shi ko burodi bai iya yankawa daidai ba. Ta ture marufi guda, ta dafa jikin ayabar, ta sare ta a karkace don kada ruwa ya kwanta a kan kututturen. Ganye goma sha ɗaya suka zube a taɓo. Ta yanki guda ta rufe kanta da shi har mota, don ruwa ya fara ƙarfi.

Ba mu samu lokacin mayar da marufan kan tagogi ba. Don Fermín muka shimfiɗa a bayan akori-kura kan katifa, matarsa na rungume da injin. Mu ne na ƙarshe da muka haye, ruwa na lasar tayoyi.

Sai bayan kwana tara hanya ta buɗe. Rufin Titi babu shi, har rabin da yake na kwano. Fallen kwano guda ya shigo ta taga ya tsaya cikin katifarta, ƙofar banɗakin da ta ce za ta fake a ciki kuma a gonar Provi muka same ta. Marufan ƙarfe biyu aka gani a kwazazzabo, sauran ba labari. Kututturen ayaba kuwa duk suna nan a tsaye. A tudun ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Yaritza ta rubuta wa masu tayi gaskiyar abin da ya faru. Wanda yake kan gaba ya janye, ya kuma rubuta ƙorafi cewa an ɓata masa lokaci.

Gindin ya fito da 'ya'ya uku, biyu kore zalla, ɗaya fari fat. Yaritza ta ce farin ma akwai waɗanda ba su san kan abin ba da za su biya fiye da na farko. Titi ta ce ba za ta sayar wa mutum abin da zai mutu a hannunsa cikin wata guda ba. Da ni ce da na sayar, ban ɓoye ba, na gaya mata haka. Ta ce shi ya sa ba a kallon gonata.

Yanzu a ɗakin bayan gidana take zaune. Kullum da safe Heriberto na kai ta tudu ta duba ko mai zane ya fito, har yau bai fito ba. An sake zuwa an auna gidan, an sake ba ta takardu. Masu cewa kwaɗayi ya kusa kashe ta kuma, ina ganinsu suna rage gudun mota in sun zo daidai gonarta, suna leƙen ko ayaba na tsaye.

Agusta ta sake shigowa. Jiya na same ta a kicin ɗina ta ƙura wa bango ido, tururuwa na hawa. Na ce Titi, mene ne? Ta ce in kula da tukunyata, shinkafa na kamawa.