Bangon Gabas na Malam Labbo

Na Allah muke, kuma ɗaya bayan ɗaya yake kiranmu. Ranar Talata, 14 ga watan Mayu 2024, ina wurin aiki a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, ƙanena Chindo ya kira ni ya ce Malam Labbo Tanimun, mai kula da ɗakin karatun garinmu, ya rasu a asibitin Konni bayan jinyar wata biyar.

Malam, shekara huɗu ba mu yi magana ba, kuma laifin nawa ne.

Kai ka gaya mana cewa ɗakin nan kotu ne a zamanin Nasara, sai bayan samun 'yanci malaman lakwal, wato makarantar boko, suka roƙa aka zuba littattafai a ciki. Ginin tubali ne, kaurin bango kamu biyu, bakan gizo huɗu na riƙe da rufin azara, tagogin kuma ƙanana can sama don kada rana ta ci takarda. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka kana tara mu mu yi yaɓe, kuma dokarka ɗaya ce: wanda bai taka ƙasa ba, ba ya aron littafi. Na ga shugaban jandarma ya tuɓe takalmi ya shiga kwaɓi saboda kai. Lokacin da na faɗi jarrabawa na daina fita, ka aiko mini da littafi uku, ba ka haɗa da wa'azi ba.

Sai mu 'yan garin da ke waje muka aika buhun siminti arba'in, wai a huta da yaɓe. Ka ƙi. Ka ce mini, "Sabi'u, ƙasa numfashi take. Ka rufe ta da wanga abu, ta ruɓe daga ciki, ku kuna waje kuna tafi." Na kira ka baƙauye a gaban mutane. Kai ma ba ka da sauƙi, Malam. Harshenka da kaifi, kuma ba ka taɓa zaunar da kowa ka koya masa haɗin ƙasar nan duka ba.

Bara, da ka tafi Dogarawa kwana goma, kwamitin ɗakin karatun ya shafe bangon gabas, wanda ruwa ke duka, da simintin nan. Damina ɗaya ta isa. Chindo ya ce in aka ƙwanƙwasa shi yanzu, ƙara yake kamar ganga, kuma tsaga ta kai gindin bakan gizo. Littattafai sun fi dubu uku a ƙarƙashinsa.

Ban ce 'yan kwamiti mugaye ba ne, ni na ba su simintin. Amma sun kulle ɗakin don girmama ka, sun ce ba mai taɓa komai sai bayan sadakar arba'in. Jama'a, hadari ya fara haɗuwa ta wajen Bazaga. Ruwa ba zai jira kwana arba'in ba.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya yalwata kabarinka, ya yafe maka, ya yafe mini abin da na faɗa maka. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Inna Hamdiyya da 'ya'yanka, Zakariya'u da Nazifa. Allah ya ba ku haƙuri.

Ni ba zan samu zuwa ba. Amma ranar sadakar bakwai, in an shafa fatiha, kada kowa ya wuce gida. A kwashe littattafan, a ɗauko guduma. Simintina ne, kuma na ce a fasa shi.