Jatau da Hoton Masunci

Jatau mai hoto mutumin Morai ne, amma a Talata Mafara ya yi suna. Tun yana saurayi ya kama shago kusa da kasuwa, har ta kai da wuya ka shiga gida a garin ba ka ga hoton da ya ɗauka a bango ba. Da wayoyin hannu suka cika gari, sai ciniki ya mutu. Abokan sana'arsa wasu suka koma noman albasa a Bakolori, wasu suka kama kabu-kabu. Shi kuwa ya ce hoto ya sani, kuma a hoto zai tsufa.

Ya tafi Gusau ya sayo tsohuwar kwamfuta da sikana, na'urar da ke kwafe hoto zuwa kwamfuta, don ya riƙa sabunta wa mutane tsofaffin hotunansu. Wanda ya sayar masa sau ɗaya ya nuna masa yadda ake aiki da su, shi ma a gurguje. Da ya dawo ya buɗe manhajar gyaran hoto, sai babbar tagarta ta cika allo da alamomi, rubutun duk Turanci, ga shi bokonsa bai wuce firamare ba. Linzamin kwamfutar ma gardama yake masa, ya nufi dama ya zarce hagu.

Bai karaya ba. Ya kwaso hotunan gidansa ya shiga gwaji. A haka ya gano maɓallin da ke nuna hoto a tsakiyar taga kafin a ɗauka, da layin ɗige-ɗige da ake ja a yanke gefe, da kibiyar da ke miƙar da hoto in ya fito kai ƙasa. Sandar ƙara haske ce ta fi ba shi wuya. Akwai ranar da ya rufe taga bai adana ba, aikin yini guda ya tafi. Ya yi salati, ya sha ruwa, ya sake daga farko.

Wata Talata, ranar kasuwa, wata dattijuwa mai suna Taibatu ta zo daga Kaya. Bayan doguwar gaisuwa ta kwance bakin mayafinta ta fito da hoto. Na marigayi mijinta ne, masunci, kuma shi kaɗai ke gare ta. Yoyon damina ya jiƙa shi har ya manne da gilashi.

"Jikokinai ba su san shi ba," in ji ta. "Ko in ɓamɓare ma gilashin?"

"A'a, Iya, kada ki taɓa. Hakanan za mu sa shi."

Ya kifa hoton da gilashinsa a kan sikana. Fitowar farko duhu ne kawai da tabo. Ya ƙara haske, fuskar ta wanke fari fat. Ya rage, ya ɗaga ƙarfin ɗauka, ya sake. Sai ya faɗaɗa fuskar ta cika allo, ya riƙa ɗebo launi daga inda ke da kyau yana rufe tabon, ɗigo bayan ɗigo, idanunsa na ruwa. Har aka kira la'asar yana kai.

Hular da ke kan marigayin dai ruwa ya cinye ta. Ya gaya mata gaskiya, ba zai ɗora masa wadda ba tasa ba.

Taibatu ta matso kusa da allo. Ga tsagar kumatu, ga wushirya. Ta goge ido.

"Shi na. Wallahi shi na, Malam."

Ya buga mata babba guda, ƙanana na jikoki. Talatar da ta biyo, mata uku suka zo daga Kaya, kowacce da ƙullinta. Yanzu Jatau ya sayi tabarau, kuma ya sa wa kansa sai ya iya gyaran launi kafin sallah.