Hannuna a Ƙirjin Inna

Ranar wata Laraba ce, mako biyu bayan yankan hatsi, shekarar da nake aji huɗu a lakwal, makarantar bokon ƙauyenmu, can wajen Mai Yara. Na dawo da azahar na tarar da Inna ita kaɗai a bayan rumbu tana sussuka. Ina kallo ta saki taɓarya, ta dafa bakin turmi, ta sulale ta zauna cikin ƙaiƙayi, gumi na zuba daga goshinta. Ta dube ni ta ce, "Ke, zo." Ta kama hannuna ta ɗora a ƙirjinta. Abin da na ji kamar kurciya ce aka damƙe a tafin hannu, tana fuffuka, ta ɗan tsaya, ta sake zabura. Muka zauna haka har ta lafa. Sannan ta miƙe ta ɗauki taɓaryarta ta ce, "Faɗuwar gaba ce kawai. Kada kowa ya ji."

Ni ce ɗiyar fari. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta taɓa shi a gaban mutane. Sunana Hadiza, amma ban taɓa jinsa a bakinta ba. A ɗakin Kaka, uwar Baba, na tashi. Ita ke yi mini kitso, ita ke cire mini ƙaya. Ƙannena na hawa bayan Inna suna jan ɗankwalinta, ni kuwa sai aike: ɗebo itace, kora awaki, kai fura gona. Ranar nan ce ta farko da na san ɗumin hannunta.

Daga nan abin ya zama namu mu biyu. A rijiya ni ke kora jakin da ke jan igiyar guga, in yi nisa har mutane su ƙanƙance, amma idona na kanta. Da na ga ta dafa ƙirji sai in bar wa wata jakin in rugo, mu koma gindin aduwa kamar masu neman inuwa. Sau nawa na watsar da duwatsun wasan carafke ina cikin ci, ƙawayena na yi mini tsiya wai na zama jelar uwata. Gidan likita ba ta so. Ta ce ba za ta buɗe wa namiji ƙirji ba, kuma ba za a kira ta raguwa a gidan da ake yabon ƙarfinta ba. Gaskiyar da na daɗe ban faɗa wa kowa ba ita ce, har jiran ciwon nake yi.

Ana cewa "labarin zuciya a tambayi fuska," kuma Kaka ta iya karatun fuska. Wata safiya tana tsefe mini kai ta tambaye ni ko uwata lafiya take, ta ce in da wani abu a ɗaura amalanke ranar kasuwa a kai ta Dakoro a duba ta. Na auna abin yadda nake auna ciniki yau. In na faɗa na ci amana, kuma in ta warke ba za ta ƙara kirana ba. Na ce lafiyarta lau. Na yi ciniki iri-iri a rayuwata, ban taɓa faɗuwa kamar a wannan ba. Da damina, lokacin maimai, ta faɗi a hanyar gona da ƙwaryar fura a kanta. Kafin a ɗaura wa sa amalanke ta cika.

Yau awaki da tumaki nake dillanci tsakanin Dakoro da Birnin Lalle. Ina buɗe bakin dabba in san shekarunta, in ja fatar idonta in san ko tana da jini. Bara, ana tsakiyar taya wani rago, kurciyar nan ta tashi a nawa ƙirjin. Na ce gado ya zo. Wata biyu ina ɓoyewa, abinci ya daina shiga, ko jaki ya yi kuka sai gabana ya yanke ya faɗi. Mariyama, tawa ɗiyar farin, ta kama ni dafe da ƙirji a bayan garke. Na ce mata kada kowa ya ji. Ta ce, "Wallahi Mama, kowa sai ya ji." Washegari muna cikin motar Maraɗi.

Likitar mace ce. Ta auna tansiyo, wato hawan jini, ta manna mini wayoyi, takarda ta fito, aka ɗebi jini. Ta ce zuciyata lafiya take, in rage shayi da goro, in yi barci, tsoron ma yana ƙara bugun. In na ji jiri ko ciwon ƙirji in dawo ba jira. Maimakon murna sai kuka. Na ba ta labarin Inna, na tambaye ta ko da an kawo ta da ta rayu. Ta ce ba za ta yi mini ƙarya ba, ba ta sani ba, amma yarinya mai shekara goma ba likita ba ce.

A hanyar dawowa, mota cike da mutane, na kama hannun Mariyama na riƙe, na kira sunanta a gaban kowa. Tsohuwar da ke gefenmu ta harare ni, ban saki ba. Duk awon nan bai kai tsawon sussukar dami ɗaya ba. Ni ɗiyata ta tona ni. Inna ba ta da mai tona ta.