Sunan da Hajiya Siddiƙa Ta Ƙi Faɗa

Kullum da safe Hajiya Siddiƙa kan hau Keke Napep daga Tudun Wada zuwa ɗakin karatu na jami'a, inda take kula da sashen mujallun bincike na intanet. Tun kafin ta ajiye jaka take kunna kwamfuta gabanta na faɗuwa, don ta san kamfanin waje mai mujallun yana iya toshe wa jami'a hanya ba sallama.

Ɗalibanmu kuwa, tsoron ɗaukewar wuta ya koya musu wawaso. Da sun ga wuta sai su hau sauke maƙalu, har da waɗanda ba za su taɓa buɗewa ba. Kamfanin kuma sata yake kiran wannan. Bara, ana tsakiyar rubutun kammala digiri, aka wayi gari an toshe. Ɗakin ya ruɗe, wasu har da kuka.

Hajiya ta san wanda ya jawo. Nasrullahi ne, ɗan ajin ƙarshe, ya kwashe mujallun shekaru a zama ɗaya. Ya zo ya same ta.

"Hajiya, wallahi ban san laifi ba ne. Korata za a yi?"

"Koma ka zauna, ɗana," ta ce.

Shugaban ɗakin karatu ya kira ta, ya ce sunan wanda ya jawo yake so. Ga ritaya ta matso mata, ga ƙarin girman da ta daɗe tana jira.

"Ranka ya daɗe, ni ce ban gargaɗe su ba. A rubuta ni," ta ce.

Aka kuwa ba ta takardar tuhuma. Ta yi ta roƙon kamfanin har ya buɗe, Nasrullahi ya gama karatunsa lafiya. Ƙarin girman dai bai zo ba, kuma a haka za ta ajiye aiki ƙarshen watan nan.

Ke ce garkuwar 'ya'yan mutane, Hajiya. Kin ji tsoro kamar kowa, amma kika tsaya. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri.

Mu kam tafiyarki tsoro take ba mu, don wani yaron zai sake irin wannan kuskure. Wanda duk ya gaji kujerar nan, ranar da aka kira ka ofis aka ce ka faɗi suna, don Allah ka yi abin da Hajiya ta yi.