Sunan da Inna Ta Kai Isa Ta Dawo da Shi

Alƙalawa zuwa Sabon Birni

Muna idar da sallar asuba mai babur ya ɗauke mu, ni da Inna. Shekara shida ke nan yayana Lawali yana ƙasar Larabawa, takardunsa sun ƙare, yana zaman ɓoyo. A can an toshe kiran bidiyo, sai da manhajar VPN. Ya aiko a sa irin tasa a wayata, mu je garin Isa inda sabis ke da ƙarfi.

Lawali ɗan fari ne, don haka Inna ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai "yaron nan". A tashar Sabon Birni muna shan koko ta ce mini a hankali, "Yau kam za ni kiran sunanai. Na tsuhwa, kunyar ta ishe ni."

Isa

Bas ɗin da muka shiga ta yi ta tari, ga shingen sojoji, sai da hantsi ya dubi ludayi muka sauka. Muka nufi shagon Bashiru mai gyaran waya, ɗan ƙanen Inna. Ya sa manhajar yana yamutsa fuska.

"Gwaggo, abin ga kamar a ba direba saƙo ne. Mutanen hanya ba su gani, amma direba ya san inda saƙo ya hito da inda za shi. Wagga ta kyauta ce, ban san mai ita ba. Ban ce ana saurare ba, amma ba ni rantsuwa. Kar a kama suna ko gari."

Raina ya ɓaci, na so ya yi shiru. To, gaskiya ɗaci gare ta.

Muka kira, fuskar Yaya ta bayyana, ya rame, har da furfura a gemu. Inna ta riƙe wayar da hannu biyu. Na ga sunan ya zo mata har baki.

"Yaron nan," ta ce, "kana cin abinci?"

Komawa

La'asar sakaliya muka iso gida lafiya, mun gode Allah, mun gode Bashiru. Ina kwance kaya na ji Inna a bayan rumbu, ita kaɗai, tana faɗin "Lawali" ƙasa-ƙasa. Na koma ɗaki kamar ban ji ba.