Awon Taƙi a Ƙarƙashin Motar Maigida

Shekarun baya can, lokacin da aka samu mulkin kai Turawa suna ta tattara komatsansu suna sayar da abin da ba zai ɗauku ba, ni direba ne a gidan wani attajiri a Ikara. Sarin mazarƙwaila yake yi daga Maƙarfi da Kudan ya kawo kasuwa. Ya sayi wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya a hannun wani Baturen gona, ya damƙa mini makulli. A lokacin ji nake duk ƙasar Zazzau babu kamar ni. Hula a karkace, baƙin tabarau ko da hadari ya haɗo, in na shigo gari sai na danna hon ko da akuya babu a hanya.

Motar ba don kaya masu nauyi aka yi ta ba, maigida kuwa so yake ta ɗauki abin da garken jakuna za su ɗauka. Sai na kai ta wurin wani bakanike a Maƙarfi, ya ƙara fallayen ƙarfe a sifirin ɗin baya, wanda ke ɗaukar nauyin kaya. Da sifirin ya yi kauri, tsofaffin yubol suka gaza. Ga wanda bai sani ba, yubol wani lanƙwasasshen ƙarfe ne mai ƙafa biyu da ke rungume aksul, wato sandar ƙarfen da ke riƙe tayoyi, ya ɗaure shi da sifirin, a matse shi da noti. In ya yi faɗi aksul ya riƙa wasa, in ya yi gajarta noti ya rasa wurin kamu.

A zamanin, sai Sabon Garin Zariya ake samun irin wannan kaya. Bakanike ya yi yadda aka saba: ya yanko kara biyu, ɗaya awon tsawo, ɗaya awon faɗi, ya ɗaure su da tsohon yubol ɗin saboda a ga kaurinsa, ya ce a miƙa wa mai kanti haka nan.

Na kawo wa maigida a zaure, na tarar da yayansa zaune. Dattijo ne, shi ya riƙe maigida tun rasuwar mahaifinsu, kuma a gidan nan maganarsa ba a mayar da ita. Ya ce ai gobe zai shiga Zariya gaisuwa, a bar masa. Na miƙa masa awon da hannu biyu, ya dube shi ya dube ni.

"Da furfurata zan shiga Sabon Gari riƙe da kara kamar mai korar kaji? Mu je ka nuna mini wurin."

Ya durƙusa ya zura hannu ƙarƙashin mota, ya auna da taƙi, ya miƙe yana karkaɗe riga ya ce ya gani. Karan kuwa a zaure ya kwana.

Ya dawo da sababbi fil, suna ƙyalli, kowa na yi masa sannu da ƙoƙari. Da na kai Maƙarfi bakanike ya gwada, sai ga su sun yi faɗi, sun kuma yi gajarta. Ya ce shi ba zai ɗaura ba. Na komo na keɓe maigida na yi masa bayani cikin ladabi, har ina cewa ni zan je Zariya in canjo ba tare da kowa ya sani ba. Ya ɓata rai.

"Yaya ya je da ƙafarsa ya sayo, kai kuma ka ce in mayar? In ya ji fa? Je ka ce a ɗaura."

Aka ɗaura. Bakanike ya cusa guntun ƙarfe ya cike faɗin, noti kuwa da ƙyar suka kama baki. Ya ce Allah ne shaida, shi babu ruwansa.

Ranar da na ɗauko kaya daga Kudan, wallahi tafiyar da nake yi har mai keke sai da ya wuce ni. Na san abin da ke ƙarƙashina. Bayan Dandamisa akwai wata gargada, ina shiga na ji ƙas, bayan mota ya juya gefe guda, sai ga ni cikin kwari bakin wata gonar rake. Mazarƙwaila ta watse cikin laka. Goshina ya fashe, amma kafin in share jinin sai da na leƙa ƙasa. Notin gefe ɗaya duk sun tsere, aksul ya goce.

Da la'asar aka taru a zaure. Dattijon nan shi ya fara magana, ya ce dama ya daɗe yana faɗa yaron nan gudu gare shi. Nan take kowa ya samu abin cewa. Wannan ya tuno hon, wancan ya tuno tabarau, har wanda bai taɓa shiga mota ba ya ba da shaidar guduna. Babu wanda ya ce a kira bakanike. Na buɗe baki zan yi magana, maigida ya yi mini wani kallo, na rufe. A gaban jama'a ya karɓi makullinsa.

Bayan kwanaki ya tare ni a bayan masallaci, ya duba babu kowa, ya rage murya.

"Na san ba laifinka ba ne. To amma so kake in tsaya gaban mutane in ce Yaya ne?"

Na ce a'a, ranka ya daɗe. Ya ce in yi haƙuri. Makulli dai bai dawo ba, don mayar mini da shi daidai yake da ƙaryata yayansa. Daga Ikara har Kudan kuwa labari ya riga ya kai cewa ni ne direban da ya kayar da mota. Babu mai motar da ya sake kallona. Da lasina a aljihu na tafi Zariya na koma yaron mota, ina ɗaure kaya da igiya.

Yau duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, na kuma yafe. Amma in na ce ba na jin haushi na yi ƙarya. Ni ma a girmama manya aka rene ni, sai dai har yanzu ban gane dalilin da za a ceci kunyar mutum ɗaya da abincin wani ba. Shi ya sa in jikokina za su gyara mota nake hana su aika kowa, ko ni ne: su auna faɗin aksul, su auna kaurin sifirin, su je da kansu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, dattijon nan bai taɓa zaton ya yi kuskure ba. Duk sallar da na zo gida na je gaishe shi, sai ya dafa kafaɗata cikin tausayi ya ce, "Ka dai riƙa rage gudu, ɗana." Ni kuma ina durƙushe in ce, "To, Baba."