Bokitin da Oddvar Ya Bari

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, aka bugo mini waya daga asibitin Hamar cewa maƙwabcina Oddvar Tveiten ya rasu yana da shekara saba'in da takwas. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Oddvar, shekara goma sha tara kana sama ina ƙasa a gida ɗaya. Kai ka ɗaura mini ƙusoshi a takalmi shekarar da ƙanƙara ta karya mini hannu. Da azumi ya faɗo a watannin da rana ba ta son faɗuwa, ka daina gasa nama a tsakar gida, ba tare da na roƙa ba.

Da likita ya gaya maka watanni kaɗan suka rage maka, sai ka sayo bokiti da tukunya da buhun sha'ir. Ka ce a ƙauyenku ba a binne mutum sai da giyar gidansa, kuma ba ka bar wanda zai dafa maka ba. Ka zaɓi mai haske, wadda ake fara koyo da ita. Ta farko ta yi tsami. Ta biyu sukari ya yi yawa, kwalabe suka fashe a ɗakin ƙasa.

Na ce, “Oddvar, da tsufanka?”

Ka ce, “Rakiya, mutuwa ma ban taɓa yi ba, ai koyo nake.”

Ka san abin haram ne gare ni, ba ka taɓa aron ko ludayina ba. Amma ran da ka dafa ta uku ka ɗebo mini ruwan sha'ir mai zaƙi kafin ka zuba yis. Ka ce, “Sha, malama, wannan bai kafirta ba tukuna.” Na sha, muka yi dariya.

Da za a kwantar da kai a asibiti, ka ba ni makullin ɗakin ƙasa, ka ce in riƙa duba ma'aunin zafi kawai, kada ya sauka ƙasa da digiri sha takwas. Na ce wa raina karanta lamba ba dafawa ba ne, har yau ban tabbata ba. Kwana tara ina sauka, bokitin na numfashi ta ɗan bututunsa, kai kuma naka yana ƙarewa.

'Yarka Ragnhild ta iso daga Tromsø ranar Laraba. Ta karanta takardar da ka bari: a zuba a kwalabe, a jira mako biyu. Jana'iza kuwa Juma'a ce. Ta kama tiyo, ta ce, “Rakiya, don Allah riƙe mini kwalbar kawai.” Na san abin da aka karantar da ni game da mai tatsar giya da mai ɗaukarta. Na ce, “Ragnhild, ki yafe mini.” Ina tsaye rabi ya tsiyaye a ƙasa, tana kuka tana kiran Baba. Na ɗauko tsumma na goge simintin, abin da zan iya ke nan.

Ranar Juma'a abokanka suka sha ta ɗanya, babu kumfa. Tsoho Steinar, abokin kamun kifinka, ya yamutsa fuska ya ce, “Ja'iri, bai iya ba.” Sai ya miƙa kofi a ƙara masa.

Oddvar, ban riƙe maka kwalba ba, kuma addu'ar da nake yi wa mamatanmu ban iya yi maka ita ba. Na bar ka ga Wanda ya fi ni saninka, Wanda ƙwayar zarra ta alheri ba ta ɓace Masa. Ya ga ƙusoshin nan.

Ragnhild, Allah ya ba ki haƙuri, ke da 'ya'yanki, ya sanyaya muku zuciya. Bokitin yana ɗakin ƙasa, na wanke shi na kife.